Tutar da Tela Ya Ɗinka wa Auta

Tela dai ba ya ɓoye ra'ayinsa. Kullum in maƙwabcinsa mai aski ya fara zuba cewa lambar zinariya ce ke ɗaga darajar ƙasa, sai ya ja tsaki ba tare da ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba.

"Kai, rabu da ni! Asibiti da makaranta ke ɗaga ƙasa, ba guje-guje ba."

To amma fa mutumin nan, da aka zaɓi Autarsa ta je gasar gudu ta duniya, shi ne ya rufe shago kwana biyu yana ɗinka mata tuta. Sai da ya sa ta ware hannuwa ya auna daga wuyan hannu zuwa wuyan hannu, wai kada in ta ci ta ɗaga, tutar ta riƙa jan ƙasa.

Ranar gasar, rabin layin ya cika shagon aski ana kallon talabijin. Tela ya tsaya a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya, wai wucewa zai yi. Auta ta zo ta biyar.

Mai aski ya jefar da tawul. "Shi ke nan, an kunyata mu a idon duniya!"

"An kunyata wa?" in ji Tela. "Mutum takwas kacal suka tsaya a layin tseren can, ɗaya a tsakar gidana ta koyi tafiya. Kai ko motar haya ba ka iya kamawa da gudu!"

Aka fashe da dariya, amma shi ransa a jagule yake. Ya san 'yarsa.

Bayan mako guda ta dawo. Ta shigo shagon kai a sunkuye, ta ajiye tutar a kan tebur, a naɗe yadda ya ba ta.

"Baba, ga kayanka. Ka warware ta ka yi wani abin da ita. Na ba ƙasa kunya, na bar gudu."

Shi da ya shekara goma yana yi mata faɗan ta bar wannan wahala, yau ta ce ta bari, sai ya ji kamar an ƙwace masa wani abu. Tausayinta ya kama shi.

"Miƙe," ya ce. "Ware hannuwanki."

"Haba Baba..."

"Na ce ware!"

Ya zaro tef ya auna, ya matso da tabarau ya sake dubawa, ya girgiza kai.

"Ka ji! Kafaɗar nan ta ƙaru da inci biyu. Ai gara da ba ki ci ba. Da kin ɗaga ta ta yi miki kaɗan, duniya ta ce ƙasar nan ba ta da tela."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. Ya juya gefen tutar ya nuna mata inda ya naɗe yadi a ciki, faɗin tafin hannu, kamar yadda yake yi wa rigunan yaran da bai gama ganin girmansu ba.

"Tun farko na bar rara. Yaushe ne gasa ta gaba?"

"Sai nan da shekara huɗu."

"To, za ta kai." Ya miƙa mata hannu. "Ba ni almakashi in buɗe rarar."