Hoto a Ƙofar Makarantar Wasu

Son a gani mugun ciwo ne. Ba ya kwantar da mutum, sai dai ya kai shi ya tsayar a inda ba a gayyace shi ba. Shi ya kama Tela ranar da yara suka koma makaranta, shi kuma ya sa ya miƙa hannu ya cire katin da ke ƙirjin 'yarsa Auta.

Uwar yaran ce ta maƙala katin da fil kafin ta fita aikinta na shara a asibiti. Sunan yarinyar ne a jiki, da sunan makarantarsu ta bayan kasuwa, da lambar waya. Auta yau ne farkon shigarta aji, bakinta ma bai gama buɗewa ba. In ka tambaye ta sunan ubanta, "Baba" za ta ce maka ta ƙara gaba.

"Kada ka bari ta cire shi, Baban yara," in ji uwar tana gyara mayafi. "Kuma don Allah ku wuce kai tsaye. Ka san yau ake raba wurin zama."

Ya sani sarai. Babbar 'yar, wadda kowa ke kira Yaya, idonta ba ya hango allo daga nesa. A ajinsu kuwa wanda ya riga zuwa ranar farko shi ke da layin gaba har shekara ta ƙare.

"Na ji," ya ce.

Amma da suka kai shatale-tale sai ya karkata babur zuwa babbar makarantar nan mai baƙin get da furanni, wadda aka rubuta sunanta da ruwan zinare. 'Yan'uwansa da ke nesa kowace shekara sai sun cika guruf ɗin dangi na waya da hotunan 'ya'yansu a gaban irin waɗannan ƙofofi, shi kuwa ya danna musu addu'a zuciyarsa na tafasa. Bana da kansa ya ɗinka yunifom, ya zaɓi shuɗi mai duhu sak irin na 'yan wannan makaranta. Ba zai yi ƙarya da baki ba, hoto ne zai yi magana.

"Baba, ba nan ba ce," in ji Yaya.

"Na tambaye ki? Sauka ki rungume jakarki, ki rufe bajon makarantarkun nan."

Katin Auta ya fi komai tona asiri. Ya cire ya jefa a aljihu.

"Nan ce makalantammu?" Auta ta tambaya, ido waje, tana kallon lilon da ke ciki.

"Nan ce, uwata. Yi dariya."

Ta yi dariya har da tafi. Hoto ya yi kyau, nan take ya tura wa dangi. Da nan ya tsaya, da ya tsira. Amma mai son a gani ba ya ƙoshi. Sai ya ce Yaya ta tsaya ita kaɗai a ƙarƙashin rubutun zinaren.

"Baba, za a buga ƙararrawa."

"Ɗaga kai. Rana ta kashe miki fuska, matsa nan. Kai, wannan ɗaure fuskar fa, gidan gawa aka kawo ki? Sake."

Motoci na ta sauke yara, yara na kwarara ciki, shi yana durƙushe yana neman inda hasken zai faɗa daidai. Aka buga ƙararrawa. Maigadi ya ja get ya rufe. Tela ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ce, "To, ku hau mu tafi."

Yaya kaɗai ta juyo.

"Ina Auta?"

"Ba kai ka ce ta tsaya gefenka ba?"

Ya duba bayan babur, ya duba gindin furanni. Sannan idonsa ya kai kan titi, inda motoci ke wucewa kamar ana korarsu, ga kwata a buɗe a gefe. Ya ruga ya leƙa kwatar, ya tsallaka ya tambayi mai sayar da ruwa, ya dawo a guje saura kaɗan wata mota ta kwashe shi. Hannunsa ya shiga aljihu neman waya, sai fil ɗin katin ya soke shi a yatsa. Duk wanda ya tsinci yarinyar nan, ba abin da zai karanta a jikinta.

"Baba, duba hotunan," in ji Yaya.

Ya buɗe hotunan da ya ɗauki Yaya ita kaɗai. A na farko ga Auta a gefe tana leƙen lilo. A na gaba rabin jikinta ne. A na ƙarshe, can bayan kafaɗar Yaya, ga 'yar jan jakarta tana shigewa get a tsakiyar yara. Shi da kansa ya ɗauki tafiyar 'yarsa, bai gani ba.

Ya daki get da tafin hannu. Maigadi ya buɗe 'yar taga.

"Lafiya, malam?"

"'Yata na ciki."

"Wane aji?"

Tela ya leƙa ta tagar yana neman jan jakarta.

"Ina katinka na iyaye?"

"Ba... ba nan take ba. Kuskure ta yi ta shiga."

Maigadi ya fito, ya ƙare masa kallo daga hula har takalmi. "Tun ɗazu nake lura da kai kana ɗaukar yara hoto. Ba 'yarka a nan, kuma ka zo a ba ka yarinya? Kawo wayar nan."

Iyayen da ba su riga sun tafi ba suka fara matsowa. Wata mata ta ce irinsu ne, da hoto suke farawa. Wani ya ce a kira 'yan sanda. Wani ƙato ya zare makullin babur ya riƙe. Yaya ta ƙanƙame rigar ubanta tana cewa, "Wallahi babanmu ne," ba mai saurarenta. Wayar kuwa a hannun maigadi sai ƙara take, saƙon dangi na shigowa. Maigadi ya karanta guda da ƙarfi: "Masha Allah, Tela ya faso gari!" Ba wanda ya yi dariya.

Sai kira ya shigo. Maigadi ya ɗauka ya sa a kunne, amma kowa na jin muryar.

"Baban yara, wace ƙofa ce wannan? Ina katin Auta?"

Uwar yaran ce, ita ma tana cikin guruf ɗin. Dangi sun ga ruwan zinare, ita ƙirjin 'yarta ta gani.

Kafin ta iso an shigar da Tela ofishin shugabar makaranta. Aka zo da Auta daga ajin ƙanana, an ba ta kujera ja da fensir mai launi, tana riƙe da shi gam. Shugabar ta nuna Tela ta ce, "Wane ne wannan?"

Auta ta gane fitar da ita za a yi. Ta ɓuya bayan malamar ajin ta ƙi kallonsa.

Ya ciro katin ya ajiye a kan tebur. Shugabar ta juya katin, ta dubi Tela. "In kai ne ubanta, me katinta yake yi a aljihunka?"

Tela ya buɗe baki zai fara bayani, sai aka turo ƙofa.

Uwar ta shigo da rigar aikinta, safar roba na leƙowa daga aljihu, tana haki. Auta ta ruga ta faɗa jikinta. Ba a ƙara tambayar komai ba. Shugabar ta ce a goge hotunan duka a gabanta, tunda akwai 'ya'yan mutane a ciki, har wanda aka tura. Ya goge tana kallo.

A bakin get uwar ta durƙusa ta mayar da katin ƙirjin Auta, ta danna fil ɗin da kyau. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ko dube shi ba. Ta tare mota ta sa yaran.

"Bari in kai su," ya ce.

"Ka kai su ai."

Ga abin da safiyar ta ci masa. Yaya ta samu benci na ƙarshe, jikin bango, a nan za ta shekara tana matse ido. Auta ta ga makarantar bayan kasuwa ba lilo, ta kwanta a ƙasa tana kuka ita tata take so, wadda Baba ya ce. Kai yara makaranta ya fita daga hannunsa, maƙwabciya aka roƙa. Dangi suna ta tambayar ina hoto ya shiga. A wayarsa kuwa, na ranar farko da Auta ta shiga aji, ko hoto ɗaya babu.