Galan ɗin da ba a buɗe ba

Shekara arba'in Tsoho yana kwanciya ƙarƙashin motoci, sai mantuwa ta fara kama shi. Sau biyu yana barin noti a kwance. Babban ɗansa, wanda garejin ya koma hannunsa, ya ce masa, kansa a sunkuye, "Baba, in aka yi na uku, sai dai ka huta a gida." Gida kuwa, tun rasuwar matarsa, ba kowa sai agogon bango.

Ran nan da hantsi wani direba da ake kira Dogo ya shigo da motarsa shaƙe da kaya, bayanta na gurnani.

"Tsoho mai ran ƙarfe, ashe kana nan! Man aksul na baya za a canza mini, kuma hannunka nake so, ba na 'yan bana-bakwai ba."

"Ni zan binne ka, mai wuyan raƙumi," in ji Tsoho. Ya saci kallon ɗansa. Ɗan ya gyaɗa kai.

Tsoho ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar. Ya fara kwance notin sama, na zuba mai, kamar yadda ya koya wa kowa, sannan na ƙasa. Tsohon man ya zubo cikin tasa, baƙi ƙirin, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Warin nan ne marigayiya take yi wa mita, har ta ware wa kayan aikinsa bokitinsu daban. Ya daɗe kwance yana kallon ɗigon. Ya goge garin ƙarfen da ya manne a noti, ya ɗaure na ƙasa tamau, ya ɗaure na sama, ya fito yana murmushi.

"Aiki sai mai shi!" Dogo ya danna hon ya fice.

Tsoho na wanke hannu idonsa ya faɗa kan galan ɗin sabon mai, yana nan inda ya ajiye shi, ko murfinsa ba a fasa ba. Ba wanda ya lura. Ƙafa ɗaya ta isa ta tura galan ɗin ƙarƙashin benci. Amma Dogo babban titi ya nufa, ga lodi, ga aksul a bushe.

Tsoho ya ɗauki galan ɗin da hannu biyu ya kai wa ɗansa.

Ɗan ya dubi murfin, bai dubi uban ba. Ya zaro waya. "Dogo, tsaya inda kake. Kashe motar, ina zuwa." Ya ɗaure galan a bayan babur, sannan ya ce a hankali, "Baba, bari in sa a kai ka gida."

"Na san hanya."

Tsoho ya ajiye sifana a kan benci ya fita. A bakin ƙofar garejin ya tsaya, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama, yana neman hanyar gida.