Ranar Da Kwalkwali Ya Cire Hula

Shekara shida na yi ina ɗora murya a kan wani ɗan katun mai suna Kwalkwali, shugaban jarumai biyar da ke ceton duniya duk bayan shekara biyu. Finafinan daga waje ake kawo su, an ciro labarin daga wani littafin zane mai juzu'i da yawa, mu kuma mu mayar da su Hausa a ɗan situdiyonmu da ke saman shagon mai gyaran fanka. Ɗaki ɗaya ne, an manna soso a bango, makirfo ɗaya, kujeru biyu masu lafiya da wata da ake jingina ta da bango. In mai fanka yana gwaji a ƙasa, dole duniya ta jira ya gama kafin a cece ta.

Dokar aikin ɗaya ce: bakin ɗan katun ya buɗe, ka yi magana, ya rufe, ka yi shiru. Wannan doka ta wahalar da kowa. Matar da ke yin muryar Ambaliya, jarumar da ke rikiɗa ta zama ruwa, har haɗiye rabin kalma take yi. Mai yin muryar Wuf, jarumin gudu, ya koyi magana kamar ana korarsa, har sunan ya bi shi.

Ni kuwa dokar ba ta shafe ni ba. Kwalkwali hular ƙarfe ce ta rufe masa fuska ruf, ido kawai ke haske. Babu bakin da zan bi. Saboda haka inda takarda ta ce "Ku bi ni," sai in gaishe da rundunar ɗaya bayan ɗaya, in tuna musu tarihin gari, in yi wa abokin gaba nasiha. Akwai wurin da gada take ruftawa da motoci, ni kuma ina bayani a kan muhimmancin haɗin kai. A zatona an ba ni shi ne don muryata tana da nauyi, irin ta mutumin da ake miƙewa in ya shigo.

Ranar wata Asabar muna cin abincin rana, 'yata ta fari, wadda ta tara littattafan nan a ƙarƙashin gadonta, ta dube ni.

"Baba, fim na uku za ku fara ko?"

"Ranar Litinin."

"Ka karanta juzu'in?"

"Me zan karanta? Ai ni ne shi."

"Zai cire hular fa."

Matata ta ajiye cokali. "Wato yana da baki?"

"Ƙarami ma kuwa, Mama."

Matata ta yi dariya har sai da aka miƙa mata ruwa. Ni ban ga abin dariya ba, kuma na ɗauki kusan minti goma ina bayyana musu dalilin da ya sa babu abin dariya.

Ranar Litinin Darakta ta kira ni gefe. Mace ce mai tabarau da igiya, ba ta san kwana-kwana ba.

"Kawu, ka tuna gwajinka na farko? Mun ba ka jarumin dutse. Ya rufe baki, ya fita daga ɗakin, an shiga wani gari, kai kana nan kana magana."

"Ai sabon shiga ne ni lokacin."

"Shi ya sa muka nemo maka wanda ba shi da baki. Yanzu masu zanen sun yi masa. Akwai fitowa ɗaya da fim ɗin gaba ɗaya ya rataya a kanta. In ka daidaita ta kafin ƙarfe huɗu, Kwalkwali naka ne. In ba haka ba, Wuf zai haɗa biyu."

Wuf yana zaune yana ɓare lemo. "Kawu, kada ka damu. Akwai wata bishiya mai magana a ƙarshen fim, ba a ba kowa ba tukuna."

Na shiga, na saƙala abin ji a kunne, mai haɗa sauti da muke kira Injiniya ya saki hoton. An ci rundunar da yaƙi, hasumiyarsu ta rushe. Ambaliya ta tsaya a gaban shugabansu ta ce ya yi musu ƙarya shekara da shekaru, daga yau ba shi ne shugaba ba. Sai ya ɗaga hannu biyu ya cire hular. Ina jiran in ga wani zaki. Sai ga ɗan dattijo mai sanƙo da kumburarren ido, kamar an zana ni ina jiran mota. Bakinsa ya buɗe sau ɗaya, ya yi zobe, ya rufe. Ko daƙiƙa guda bai cika ba.

A takarda mai fassara ya rubuta: "Na amsa laifina."

Jar fitilar ɗaukar murya ta kama. Na ce, "Ya ku 'yan'uwana, abokan gwagwarmaya..."

"Yanke!"

Na gwada "Na amsa laifina." Ya zube har kan fuskar Ambaliya, ya zama kamar ita ce ke amsa laifin. Na gwada "Na yi kuskure." Ya zube. "Afuwan." Ya zube. "Tuba." Injiniya ya ce buɗe baki biyu ne wannan, mu ɗaya muke da shi. Mai fanka ya kunna wata tsohuwar fanka a ƙasa, muka yi asarar minti ashirin. A ɗauka ta goma sha tara na yi ƙoƙarin cusa "Ku yafe ni" da gudu, abin ya fito kamar atishawa.

"Yarhamukallahu, Kawu," in ji Wuf.

"Kai, ci lemonka."

Na roƙi Darakta ko za a ɗan tsayar da hoton, dattijon ya daɗe da baki a buɗe. Ta ce in an tsayar da shi gwargwadon buƙatata, masu kallo za su zaci wayarsu ce ta lalace.

Ƙarfe huɗu saura biyar ta cire tabarau ta sake shi a kan igiyarsa. Injiniya ya riga ya sake sakin hoton, amma ba ta jira ba.

"Kawu, ya isa. Ka fito ka huta. Wuf, shiga."

Na duba cikina ko akwai jawabi. Karo na farko a rayuwata babu. Na ce, "To."

Injiniya ya ɗaga hannu. "Kowa ya tsaya."

Ashe jar fitilar tana kunne. Ya mayar da hoton baya, ya saki. Dattijon ya cire hula, bakinsa ya yi zobe, muryata ta ce "To," bakin ya rufe. Daidai, ko gashi bai wuce ba. Kuma irin "to" ɗin nan ce ta mutumin da aka karɓe wa komai kuma ya san shi ya jawo. Mai muryar Ambaliya ta kai gefen mayafinta ido.

"Ai da gangan na yi," na ce. "Bari in ƙara mata armashi."

Na gyara tsayuwa, na cika ƙirji, na saki wata "Tooo" mai hawa da sauka wadda ta kai fitowa ta gaba. Darakta ta ce a goge ta, kuma kada a sake barina kusa da kalmar.

Haka Kwalkwali ya zauna a hannuna. Sai dai bayan cire hular sau tara kawai yake buɗe baki a sauran fim ɗin, kuma Injiniya ya gano cewa wannan "to" ɗin ta shiga bakwai daga ciki ba tare da an taso ni ba. Kullum ina zuwa aiki a kan lokaci, in zauna a kujerar da ke jingine da bango in sha shayi, ina kallon kaina ina aiki. Da fim ɗin ya fita, aka yi ta cewa ban taɓa yin wasa mai ratsa zuciya irin wannan ba.

A gida muka kalla mu uku. Da aka zo wurin, matata ta sa aka mayar baya sau biyu. Sannan ta juya wajen 'yarta.

"Ana iya ciro min wannan a sa a wayata?"

"Minti ɗaya, Mama."

Jiya ta ce za a canza labulen falo. Na gyara zama, na buɗe baki zan kawo dalilaina guda huɗu, sai ta danna waya, muryata ta ce "To." Da yamma mai ɗinki ya zo ya auna taga.