Faɗin Ɗakin Mama

Ni dai ban taɓa yarda da mai shagon kamarar nan ba. Mutum ne da in ya yi maka murmushi sai ka shafa aljihunka. Amma duk layin shi kaɗai ke da gilasan da ke hawa sabuwar kamarata, irin marar madubin nan a ciki, don haka dole ta kai ni wurinsa. Shekara da shekaru fuskoki nake ɗauka, hoton fasfo da na 'yan makaranta. Sai ga wata makaranta tana son hoton malamanta gaba ɗaya a wani matsattsen zaure, gilashina kuwa ko rabinsu ba zai ci ba.

Ya ɗora mini gilasai biyu a kan kanta. Ya ce duk sanda lambar da ke jikin gilashi ta yi ƙasa, ganinsa sai ya ƙara faɗi. Ya yi ta zuga mai ƙaramar lambar, ni kuma ina hararsa, don na san abin da ya daɗe a shago shi ake zugawa. Na ɗaura shi, na kai ido. Shagon da in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita, sai ga shi ya koma falo. Agogon bangon da ke can gefe ya miƙe kamar ƙwai, tayil ɗin gabana ya zama faranti-faranti.

Ya yi dariya ya ce dillalan gidaje ba sa wasa da wannan. Mutum ya manna bayansa a kusurwa, ya ɗan durƙusa, kejin kaji ma sai ya fito ɗakin amarya.

A nan na tuna inda na taɓa ganin agogo mai siffar ƙwai. A hoton da Yaya ya turo mana ne, na ɗakin da ya ce ya gyara wa Mama. Tun da ta zame a banɗaki gwiwa ta sa ta gaba, Yaya ya matsa sai ta bar gidan hayar da ta raine mu a ciki ta koma wurinsa. Ƙarshen wata za ta miƙa wa mai gida makulli. Hoton nan kuwa ba maƙwabciyar da ba ta nuna wa ba.

Na ciro waya na miƙa wa mai shagon, duk da ba na so. Ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya nuna mini ƙofar da ta karkace da gadon da ya yi tsawon kwalekwale. Ya ce wayoyin yanzu ma suna da irin wannan ido. Na tambaye shi girman ɗakin na gaskiya.

"Hajiya, in kika kwanta kika yi miƙa, sai kin gaisa da bango biyu."

Nan take na yanke hukunci, kuma Anti na ɗora wa. Matar Yaya ba ta taɓa yi mini komai ba, amma ladabinta ya yi yawa, ni kuma ladabi mai yawa tsoro yake ba ni. Wato su baje a manyan ɗakuna, uwarmu a sito tare da buhuna. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Tun bara duk wanda ya ce zai je gidansu, sai a ce ana fenti, ko yara na mura. Na ce wa mai shagon zan tafi da gilashin gwaji, ya ce in ya fashe na saya. Ban ko tsaya musu ba.

Sai da na sauka daga mota a unguwarsu na kira Yaya. Ya fara kame-kame, wai yana wurin aiki, wai Anti ta fita da makulli. Na ce to zan zauna a ƙofar gida har su dawo. Sai ya ce kada in je can, in tsaya inda nake.

Da ƙafa ya zo, ya rame, rigarsa na lilo a jikinsa. Maimakon benen da na sani, sai ya bi da ni ta bayan wani shagon kafinta, muka tsallake kwata, ya tura wata ƙofar langa-langa. Ga agogon nan a bango, zagayayye lafiya lau. Ga gadon, ya cinye ɗakin saura ɗan wurin tsayuwa. A ƙarƙashinsa tukwane ne da jakunkunan makarantar yara da takalman Yaya. Na leƙa ina neman ƙofar da za ta kai ni sauran gidan, babu.

Na juyo na tambaye shi abin da ke faruwa. Ya ce aikinsa ya tafi tun bara, benen ya bi shi. Anti da yara za su koma wurin yayarta don Mama ta samu gadon, shi kuma Yaya kafinta ya yarda masa ya riƙa shimfiɗa tabarma a shago. Shawarar ma Anti ce ta kawo. Na ji kunya, na kuma ji haushinsa ƙwarai, na ce me ya hana shi faɗa.

"Auta, da wane bakin? Kwana Mama ta yi a ƙasan banɗaki ba wanda ya sani. Da na faɗa mata gaskiya ba za ta zo ba."

Na ce ai kuwa yanzu za ta ji, gara su su tattara su koma wurinta, gidan ya ishe su. Ya kama hannuna, na fizge, na kira ta na buɗe muryar wayar yadda zai ji.

Mama ta ɗauka da murna, bayanta ana ta buge-buge. Kafin in buɗe baki ta ce ai tana shirin kirana. Mai gida ya samu masu shiga, suna gaggawa, ita kuma ta ga zaman me za ta yi, da safen nan ta ba shi makulli. Ga mota can ana loda kaya.

"Kina wurin yayanki ne? Yauwa. Duba mini gefen taga, a hoto na ga fili. Nan nake so a sa babbar durowata, kujerun kuma a jera ta ɗaya ɓangaren."

Na dubi gefen tagar. Bokiti ɗaya ne a wurin, shi ma rabinsa a ƙarƙashin gado yake. Yaya ya zauna a bakin katifa ya rufe fuska da hannu biyu.

"Auta, kina ji na kuwa? Direba na tambaya ta wace hanya zai shigo."