Ranar Cire Hula

Tun da safiyar Asabar ɗin nan Baban Mota ya kasa zama wuri ɗaya. Ya wanke motar ɗaukar 'yan makarantar da yake tuƙawa, ya goge ta, ya koma ya sake wanke tayoyin da ko ƙura ba su ɗauka ba. Matarsa, wadda ke ɗinki a ɗan ɗakin da ke kallon tsakar gida, ta ɗaga kai daga keke ta leƙo ta taga.

"Idan ka ƙara wanke ta, fentin zai bi ruwa," in ji ta.

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya matse tsumma.

Yaran unguwa ne suka raɗa masa Baban Mota, har iyayensu suka kama, har ya zama in ka kira shi da sunansa na gaskiya sai ya waiga ya ga ko da wani ake. Motar tasa ce, ba ta makaranta ba. Kowace safiya yakan bi gida-gida yana kwasar yara, ya dawo da su da rana. Jarinsa a wannan sana'a yarda ce kawai: uwa ta miƙo maka ɗanta da jakarsa da robar ruwansa, ta juya ta koma ciki ba tare da ta waigo ba. Yau kuwa yardar nan ce yake ganin za ta zube a gaban idonsa, a cikin falonsa, da ƙarfe biyar na yamma.

Abin ya samo asali ne tun hutun bara, lokacin da wasu masu shirya wasan talabijin suka ɗauki hayar motar. Suka lulluɓe jikinta da takarda mai launin toka, ta koma kamar ba tasa ba, shi kuma yana zaune a inuwa yana gadin kayansa. Ana cikin haka ɗan wasan da ake jira ya yi fushi da su ya ƙi zuwa. Daraktan, wani siririn mutum mai yawan tsawa, ya ƙare wa Baban Mota kallo daga sama har ƙasa, ya ce shi da ɗan wasan tsawo ɗaya, kafaɗa ɗaya.

"Baba, ko magana ba za ka yi ba. Hula za mu sa maka ta rufe fuska. Ka ɗauki yaro ka sa a mota, ka ruga cikin sito, ɗan sanda ya cire maka hular, shi ke nan."

Baban Mota mutum ne da ba ya iya cewa a'a ga wanda ya kira shi Baba. Ya sa hula, ya yi abin da aka ce. Bai tambayi labarin ba, kuma da ya dawo gida kunya ta hana shi faɗa wa kowa cewa dattijo kamarsa ya wuni yana guje-guje da hular zare a ka.

Sai da shirin ya fara fitowa, watanni bayan nan, ya gane abin da ya jefa kansa ciki. Ashe labarin wani mai satar yara ne, Mai Baƙar Hula, wanda Sufeto da mutanensa ke farauta mako bayan mako ba wanda ya san fuskarsa. Gari kuwa ya ɗauka. A shagon aski maganar ke nan, a layin asibiti ita ce, iyaye har tsorata yara suke yi da shi idan sun ƙi yin wanka. Yau ne kashi na ƙarshe, kuma duk makon tashar na ta shela cewa a yau za a cire hula.

Wani zai ce ai wasa ne, kowa ya san wasa ne. To wanda ya faɗi haka bai san mutanen unguwar nan ba. Akwai wani mai gidan abinci da ya taɓa fitowa a wani shiri a matsayin kuku mai zuba wa uban gidansa guba. Mutumin kirki, kowa ya shaida. Amma a hankali kujerunsa suka koma wayam, don kowa sai ya ce shi dai ya san wasa ne, sai dai abincin ne kawai ya daina shigar masa. Wadda ta fara faɗin haka kuwa maƙwabciyarsu ce, Maman 'Yan Biyu, shugabar iyayen yaran da Baban Mota ke ɗauka, mace mai kirki da kaifin baki, wadda in ta cire 'ya'yanta daga mota da safe, kafin azahar rabin kujerun sun tafi.

Ya nemi daraktan, lambar ba ta shiga. Ya je ofishinsu, ya tarar masu sayar da katifa ne a ciki.

Kafin biyar falo ya cika, don talabijin ɗinsu ya fi na kowa girma a layin. Maman 'Yan Biyu ta zo da matashinta na jingina. Ƙanin matarsa ma ya zo, wanda ake kira Lauya duk da ko ƙofar kotu bai taɓa takawa ba, gardama ce kawai ta ba shi sunan. Matarsa kuwa, maimakon doguwar kujerar da ta saba zama, sai ta jawo 'yar kujerar ɗinkinta ta kai can lungu kusa da bango, inda ko hoton ba a gani da kyau.

"Yaya, me za ki gani daga nan?" in ji Lauya.

"Iskar fanka ta fi zuwa nan," ta ce, ta ci gaba da ɗinke maɓalli.

"Ni dai yau zan haddace fuskar nan," in ji Maman 'Yan Biyu tana gyara zama. "Duk inda na gan shi, ko a kasuwa ne, sai na tofar da yawu."

"Ai ɗan wasa ne, Maman 'Yan Biyu," Baban Mota ya ce.

"Na sani mana. Amma me ya sa shi suka zaɓa? Ai sai sun ga wani abu a fuskarsa."

An ajiye masa abinci tun rana, yana nan a rufe a gefensa.

Aka fara. Da farko dai Sufeto ne da wata likita da yake so, suna zaune a bakin ruwa suna maganar ko aikinsa zai bar shi ya yi aure. Suka yi ta yi. Aka tafi talla, aka dawo, suna nan a bakin ruwan. Lauya ya fara kaɗa ƙafa. Daga nan aka nuna Sufeto yana tuna abubuwan da kowa ya riga ya gani a makonnin baya, har da wurin da Mai Baƙar Hula ke sa yaro a mota. Baban Mota ya kau da kai.

Can dai aka zo sito. Ga jiniya, ga ƙura, ga shi nan da kansa yana gudu tsakanin buhuna, da irin gudun mutumin da gwiwa ta fara damu. Sufeto ya cim masa, ya danne shi, ya kai hannu kan hula. Baban Mota ya saci kallon Maman 'Yan Biyu. Ya fara lissafin abin da zai ce, ya ga babu.

Hannun ya ja hular. Sai hoto ya koma kan fuskar Sufeto, ya zaro ido, ya ce, "Ashe kai ne." Daga nan sai ga wani babban jami'i a bayan tebur yana karanta wa 'yan jarida takarda, cewa wanda aka kama wani baƙo ne daga nesa, kuma an riga an wuce da shi. Aka koma bakin ruwa. Likita ta ce ta yarda. Sunayen 'yan wasan suka fara hawa.



"Shi ke nan?" in ji Maman 'Yan Biyu. "Ko wuta ce ta ɗauke musu?"

Lauya ya miƙe tsaye, ya ɗaga yatsa. "Wannan raini ne. Ya ce 'ashe kai ne', ke nan ya san shi. To in ya san shi, ta yaya ya zama baƙo daga nesa? A yi mini bayani. Wata nawa muna zaune muna zargin mutane? Ni na zargi direban Sufeto, na zargi mai shayi, har likitar na zarga."

"Ni maigadin makarantar nan na cikin shirin na sa wa ido," in ji Maman 'Yan Biyu. "Na shafa wa bawan Allah kashin kaji a banza."

Wayoyi suka fara ƙara. Wata ƙawarta ta kira daga wata unguwa, tun kafin a gaisa ta fara zagin marubucin. Lauya ya shiga karanto abin da mutane ke rubutawa: wani ya ce a dawo masa da Asabar-Asabar ɗinsa, wata ta ce da ta san auren Sufeto za a nuna da ta ɗinka sabon kaya, wani kuma ya rantse cewa kuɗi ne ya ƙare musu shi ya sa suka kasa sayen fuska. Ta taga ana jin maƙwabta suna nasu ƙorafin, wani har da buga ƙofa.

A tsakiyar wannan hayaniya Baban Mota ya jawo kwanonsa ya buɗe. Abincin ya huce, ya sandare, amma bai taɓa cin abin da ya yi masa daɗi haka ba. Wani sanyi ne ke sauka daga wuyansa zuwa gwiwoyi, har ya ji kamar ya rungume Lauya.

"Yaya, kai ba ka ji haushi ba?" Lauya ya tambaye shi. "Kana ta ci kamar ba a cuce mu ba."

"An cuce mu ƙwarai," ya ce da cikakken baki. "Ba su kyauta ba ko kaɗan. Miƙo mini ruwan nan."

Da kyar baƙin suka watse, suna tafe suna gardama har bakin ƙofa. Maman 'Yan Biyu ta manta matashinta, ta dawo ta ɗauka, ta ƙara cewa ita da shirin nan har abada, sai dai in sun yi na biyu.

Ya rage daga shi sai matarsa. Tana tattara kofuna, shi kuma yana neman yadda zai ɓoye farin cikin da ke fuskarsa.

"Gwiwar nan taka," ta ce ba tare da ta dube shi ba, "ba na ce ka riƙa shafa mata magani ba? Dubi yadda kake gudu a sito."

Cokali ya tsaya a hannunsa.

"Tun yaushe?" ya ce a hankali.

"Tun kashi na biyu. Wane ɓarawon yara ne zai sa yaro a mota, ya ɗora tafin hannu a saman kansa kada ya bugu da ƙarfen ƙofa? Shekara nawa ina kallon hannun nan ta taga kowace safiya?"

Sai a lokacin ya tuna yadda daraktan ya yi ta tsawa a ranar, yana cewa ya jefa yaron ciki kawai, shi kuma hannun na fita da kansa. Ya tuna kuma da aka cire hular aka ce ya haɗe rai ya zare ido, sai yaron ya yi tuntuɓe da waya, shi kuma ya manta ya ce masa sannu. An maimaita har rana ta faɗi.

"Ina jin da suka zauna suka kalli fuskarka sun rasa abin da za su tsorata mutane da shi," in ji ta. "Shi ya sa suka yanke."

"To me ya hana ki faɗa mini?"

"Kai me ya hana ka? Na ga kunya kake ji, na bar ka da kunyarka." Ta nuna lungun da ta zauna da haɓa. "Ka ɗauka iskar fanka ce ta kai ni can?"

Ya duba. A jikin bangon, daidai ƙafar kujerarta, wayar talabijin ce a soket. Ta naɗe ta sau ɗaya a ƙafar kujerar yadda ja ɗaya zai fizge ta.

"Ai da kin cire ma, duk gari sun gani," ya ce.

"Na sani. Gari ya fi ƙarfina. Amma ba za a zauna a falonka a juyo ana kallonka ba, ina nan."

Baban Mota ya dubi wayar, ya dubi matarsa. Idonsa ya ciko, ya sunkuyar da kai yana kankare ƙasan kwanon da babu komai a ciki. Ita kuwa ta kwashe kofunanta ta yi kicin, tana cewa gobe dai sai ya shafa maganin.

Ranar Litinin da safe ya tsaya a ƙofar Maman 'Yan Biyu. Ta fito da yaran, ɗaya a kowane hannu, har yanzu tana mitar shirin. Ya zagayo ya buɗe ƙofa, ya cusa hannunsa na dama cikin aljihu, don tun jiya ya ƙudurta cewa zai ɗan ɓoye shi na kwana biyu har maganar ta lafa. Na farkon ya shiga lafiya. Na biyun, wanda ba ya tafiya sai da tsalle, ya daka tsalle ya nufi ƙarfen.

Hannun ya riga shi isa. Ƙarfen ya bugi bayan yatsunsa, kan yaron ya wuce ta ƙarƙashi.

Maman 'Yan Biyu ta dubi hannun.

"Kai dai hannun nan naka ba ya hutawa," ta ce. Ta miƙa masa robar ruwan da yaron ya yar, ta juya ta koma ciki, ba ta waigo ba.