Ajiyar Mama

Abin da likita ya tsinko daga cikin Baba bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya miƙo mini shi a 'yar kwalba, yana yawo cikin wani ruwa mai hawa hanci. Don wannan ɗan mitsitsin abu aka zura wa tsoho bututu mai kyamara ta baki har tumbi, yana kakarin amai, nas biyu suna danne masa kafaɗu.

"Ki kai ɗakin gwaji," in ji likita. "Su za su faɗa mana ko gyambon ciki ne, ko kuwa ɗayan."

Ɗayan shi ne ciwon daji. A gidanmu ba mai kiran sunansa.

Cikin tasi Baba ya ce, murya a dishe, "Ko sama da ƙasa za su haɗe, ban ƙara haɗiye tiyon nan."

Na iske ɗakin gwaji a kulle, sai Litinin. Na dawo gida da kwalbar, na ɗora ta a kan talabijin, na fita sayen magani. Mama ƙanƙara take sayarwa, kuma a duniya ba abin da ta tsana kamar ta ga abu ya lalace a gabanta. Ko da na dawo, ta naɗe kwalbar a leda, ta ba ta lungun firiza mafi sanyi, inda ko mu ba ta bari mu sa ruwan sha.

"Nama ne fa, 'yar nan! A zafin nan kika bar shi?"

Na ce sannu da ƙoƙari, Mama. Baba yana kan doguwar kujera yana kallonmu.

Ran Litinin mai gwajin ya juya kwalbar a hannunsa, ruwan ya daskare kamar dutse. Ya ce ai ruwan nan shi ke tsare naman, sanyi kuwa farfasa shi yake. Za su gwada dai. Da na koma karɓar sakamako, ya ce ba abin da ya karantu, sai an sake tsinko wani.

Na tsaya ina jiran fushi ya zo, ko kuka. Ba wanda ya zo. Na zura wa fankar silin ido har ya ce, "Baiwar Allah, akwai mutane a bayanki."

A gida na tarar da Baba da kofin shayin da ya kasa haɗiyewa tun safe, Mama tana ƙulla ruwa a leda.

"Me suka ce?" Mama ta tambaya.

"Wai naman da likita ya ɗebo bai isa ba. Sai an sake."

Mama ta wanke likita tas. Ta ce mutum har a wuƙa yana rowa, alhali ita ta yi nata, ta adana musu abu garau. Tana cikin faɗa wani mai sayen ƙanƙara ya yi sallama, ta fita.

Baba ya daɗe yana kallon firizar, tana ta gurnaninta. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa yanzu. Na san abin da zai ce, kuma ba ni da ƙarfin roƙonsa.

"Ki karɓo mana rana wurin likita," ya ce.

Na ɗago kai.

"Amma wannan karon, kada ki biyo da naman ta gida. Kuma uwarki ba sai ta ji dalili ba."