Ranar da Kwamfuta Ba Ta Ce A'a Ba

Mai gyaran kwamfutar nan, duk abin da ya iya a kan baƙin allon da ake rubuta umarni, wurin matarsa ya koya. Ita ce gwanar, shi dai a ba shi sukudireba. Tana raye faɗansu ɗaya ne kullum. Takan ce cikakken iko a kan na'ura aronsa ake yi: ka sa kalmar "sudo" a gaban umarni guda, ka ba da kalmar sirri, ka gama ka mayar. Shi kuwa gani yake tsabar ƙaƙale ne, mutum da kayansa a ce sai ya yi ta sallama kamar baƙo? Sai ya shige da cikakken iko tun safe ya miƙe ƙafa. Da ta ga hali zanen dutse ne, ta saita masa rubutun ya riƙa komawa ja in yana riƙe da ikon, ko ya taka birki.

Da ciwo ya ci ƙarfinta, sai ta ɗauki muryarta tana yi wa 'yarsu tilo waƙoƙin da takan yi mata wajen kitso, ta zuba a folda guda, ta kulle ta yadda kowa zai iya saurara amma ba mai iya gogewa sai da cikakken iko. Kwafin ajiya kuma yana kan wani faifan kwamfuta da ta jona a cikin wannan foldar.

Bayan rasuwarta ya cire jan launin. Ba don raini ba, wallahi. In ya gan shi sai ya ji kamar tana tsaye a bayansa za ta ja masa kunne, ya waiwaya, babu kowa sai labule.

Ran nan da hantsi yana kan teburin falo, yana share wani tsohon faifai da aka kawo masa gyara. Tagogi biyu ne a buɗe a allon, dukansu farin rubutu, dukansu da cikakken iko. Ɗaya tana kan faifan mutane, ɗaya kuma tana cikin foldar marigayiya tun da safe da ya kunna wa yarinya waƙa. Waya ta yi ƙara, ya amsa, ya dawo ya rubuta a goge komai da ke nan, ya danna. Da ba ya riƙe da cikakken iko, da na'urar ta ce ba shi da izini, shi ke nan. Amma wa zai hana mai gida shiga ɗakinsa? Na'urar ko tari ba ta yi ba.

Sai da ya ga faifan mutane na nan cike yadda yake, sannan ya gane a tagar marigayiya ya ba da umarnin: waƙoƙin da kwafin ajiyarsu duk sun tafi. Ya fizge wayar wuta, ya kwashi kayan ya ruga wurin wani abokin sana'arsa. Mutumin ya yi iya yinsa, daga baya ya cire tabarau ya ce irin waɗannan sababbin faya-fayan ba sa barin sawu, ya yi haƙuri. Ranar ya ji mutuwar ta dawo masa ɗanya, kuma wannan karon da hannunsa.

Da yamma yarinyar ta zo da mataji ta zauna tsakanin ƙafafunsa.

"Baba, kunna min Umma."

Ya ce yau shi zai yi mata. Ya fara waƙar da wannan murya tasa ta tsohuwar fanka, yana taje mata kai.

"Ba haka take yi ba," in ji ta. "Tsaya ka ji."

Ta ɗauko tiryan-tiryan, har da jan numfashin uwar. Tana kaiwa tsakiya sai ta tsaya, ta koma farko, ta sake tsayawa a wuri guda. Ta ɗago kai ta dube shi.

"Me ke biye? Kunna mu ji."

Ya buɗe baki, ya laluba, shi ma bai sani ba. Bai taɓa haddacewa ba, tunda kullum akwai ta a na'ura.